Irin Sarfoyi na Kawu

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu ran Talata da hantsi a wani asibiti a nan Riyad. Aka yi masa salla bayan la'asar, kafin magariba mun baro shi. A ƙasar nan ba a rubuta suna a kan kabari. Dutse ɗaya ta kai, ɗaya ta ƙafa. Da na koma ziyara bayan mako biyu sai da na ƙirga layi, kuma har yau ban tabbata a kan nasa na tsaya ba. Shekara ta kusa zagayowa. Shi ya sa na ɗauki biro, don kada abin da ya sami kabarin ya sami mutumin.

Kwana uku muka yi muna karɓar gaisuwa a gidan da muke haya a unguwar Ulaisha, mu shida 'yan ƙwadago. Ban zaci za a cika haka ba. Kafilinsa, wato Balaraben da ya tsaya masa a takardar zama, tsoho ne mai gida a unguwar Badi'a. Ya zo yana dogara sanda, ya zauna a tabarma tare da mu, ya ce shekara goma sha biyu Kawu yana kula masa da lambu bai taɓa ganin itace ya mutu a hannunsa ba. Wata nas 'yar Zariya ta zo da mijinta, ta tsaya daga bakin ƙofa tana kuka, ta ce lokacin da ta haihu ba ta da kowa a garin nan, Kawu ne ya yi ta aika mata romo har aka yi suna. Sai wani direban tankar ruwa, mutumin Damagaram, ya sa mutane dariya a tsakiyar makoki.

“Wallahi tsohon nan,” in ji shi, “ko faɗa yake yi maka, sai ka isa gida ka iske ya cusa maka ganye a aljihu.”

Da dariya ta lafa sai ya juyo gare ni. “To ɗan gida, bana wa zai ba mu irin sarfoyi?”

Kowa ya dube ni. Na ce, “Sai sanyi ya shigo, in Allah ya so.”

Wannan ita ce ƙaryata ta biyu. Ta farko zan zo gare ta a wurinta.

Ya kamata in fara da faɗin mene ne sarfoyi, tunda mutanen gida ba su san ta ba. Ganye ce ta Turawa. Tana kama da ganyen karas, amma ta fi shi laushi nesa ba kusa ba, in ka murza ta kuwa sai ka ji ƙamshi irin na yansun da Larabawa ke sawa a shayi. Kawu ya san ta tun yana saurayi a Maradi, inda ya yi aikin lambu a gidan wata likita Bafaransa, sunan ma daga bakinta ya ɗauko ya lanƙwasa shi yadda harshensa ya iya. Ya yi shekaru bai sake ganin ta ba. Sai a nan Riyad matar wani injiniya, maƙwabcin kafilinsa, da za su koma ƙasarsu ta ba shi ragowar iri a 'yar takarda. Ya ce yana buɗewa ya gane. Duk girman kasuwar Aziziya, inda ake sauke ganye mota-mota, ba ka samun ta. Daga wannan 'yar takarda ya yi ta juya iri, shekara goma sha ɗaya, bai taɓa yankewa ba.

Lambun nasa a saman benen gidanmu yake. Manyan gwangwanayen man girki ne guda goma sha huɗu, ya huda gindinsu da ƙusa, ya cika su da ƙasar da ya riƙa ɗebowa daga Badi'a a jaka, gauraye da takin tumaki. Ya jera su a jikin bangon da rana ba ta duka, ya yi musu rumfa da buhunan albasa da ya roƙo a Aziziya. Na ce ya jera su, amma ba jeri ba ne. Wani a karkace, wani a kan bulo, wani a bayan tankin ruwa. Akwai na'ana'a da ɗan barkono, amma sarfoyi ce sarauniya.

Ni ma'ajin sito ne a wani kamfanin gine-gine. Karatuna bai yi nisa ba, amma na iya ajiye kaya. Kowace ƙusa tana da akwatinta, kowane akwati yana da lamba. Kawu kan kira ni Malam Tsari. In na hau bene shanya kaya sai ya ce, “Malam Tsari, taho ka ba 'ya'yana lamba, kada su ɓace.” Ni kuwa ba na dariya. Ban cika dariya ba.

Shi da ba ya son tsari a gwangwani, a kan ganyen nan yana da dokoki da ba ya sassautawa. Ba ya shuka sai ranar da ya fito sallar asuba ya ji yana bukatar bargo. Ba ya binne irin. Yakan yafa shi a saman ƙasa, ya danna da tafin hannu. “Wanga iri ido gare shi,” in ji shi, “in ka rufe masa ido ba ya tashi.” Ba ya shuka duka rana ɗaya: gwangwani uku yau, uku bayan mako biyu, haka har sanyi ya fara ja da baya. Ruwan alwalarmu yake tarawa a baho ya ba su, safe da yamma, kuma in ka zubar da naka a rariya za ka ji ta bakinsa. In zai tsinka, daga gefe yake farawa, ya bar zuciyar. Sannan ba ya dasa ta. Ya ce saiwarta ɗaya ce, doguwa, in ta kama wuri ta kama.

“Ita ba irinmu ba ce,” yakan ce. “Mu an tumɓuke mu daga Maradi an dasa a nan, mun yi ta maza. Ita in ka ɗaga ta, ta yi fushi ke nan.”

A girki ma haka. Ba a dafa ta. Sai an sauke tukunya ake barbaɗawa. Ranar da wani abokin zamanmu ya zuba ta cikin miya tana tafasa, Kawu ya tsaya a kansa ya ce, “Ka yi mata jana'iza, saura addu'a.”

Na san daɗinta, ba zan ɓoye ba. Watannina na farko a garin nan takardar zamana ba ta fito ba, ba na iya fita ko bakin titi don tsoron 'yan sanda. Zazzaɓi ya kwantar da ni. Duk abin da aka sa mini a baki kamar toka. Kawu ya dawo daga aiki a gajiye, ya soya ƙwai biyu, ya hau bene ya sauko da ɗan ganye a tafin hannu, ya barbaɗa. Ya zauna a gefen katifa ya ce, “Ci. Uwarka ba ta ba ni kai don in mayar mata da ƙasusuwa ba.” Shi ne abu na farko da na ji ɗanɗanonsa cikin kwana tara.

Duk da haka sai da na yi faɗa da shi a kanta. Ranar Juma'a ce, ranar hutunmu. Mutane suna ta hawa suna sauka, wannan ya karɓi ganye, wancan ya karɓi iri a ƙullin takarda, matakala duk ƙasa, ga shi ni na share ta da safe. Na hau na same shi a tsugune.

Na ce, “Kawu, don Allah wannan ganye mene ne amfaninsa? Ba a dafa shi. Ba a shanya shi a ajiye kamar kuka. Ba ya kai wata huɗu. Da yakuwa ka shuka ko rama, da mun san mun yi lambu.”

Bai ɗago ba. Ya ce, “Ka gama?”

“Ban gama ba. Gidan nan ya zama kasuwa. Kowa da ƙafarsa.”

“To in ka gama ka miƙo mani butar nan.”

Na ƙi miƙawa. Ni da aka yi wa tarbiyya, na tsaya a kan yayan uwata na ƙi miƙa masa buta. Ya tashi da kansa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya ɗauka. Sannan ya ce, “Ɗan nan, kai abin da za a ajiye kake so. Akwai abin da ba a ajiyewa, sai dai a yi ta juya shi.” Na sauka ina huci. Kwana uku gaisuwa kawai ke haɗa mu. A na huɗu na sa hannu a aljihun rigar aikina a sito, na ji ganye. Daga ranar ban ƙara yi masa maganar ba, amma ban ƙara tsayawa a lambun ba. Shekara huɗu ina gidan, ban taɓa ganin yadda yake ɗibar iri ba. Wannan ya kamata a riƙe, don shi ne tushen abin da ya biyo baya.

Ciwon ya kama shi ƙarshen sanyin bara. Ƙirji ne. Kafilinsa ya kai shi asibiti aka ba shi gado. Da za a fita da shi ya riƙe hannun rigata ya ce, “Ruwa safe da yamma. Kada ka taɓa komai.” Na ce to.

Kwana goma ina ba su ruwa. Zafi ya fara shigowa. A gwangwani biyar na bayan tanki sarfoyin ta yi kara, ta kai mini ƙugu, ganyen ya yi rawaya, 'yan fararen furanninta sun zube, sai wasu korayen tsinkaye a kai. A idona ta mutu, ta zama datti. A tagar ɗakinsa kuwa ga kwalba da iri ya kai rabinta. Na yi lissafi irin na ma'ajin sito: kaya yana nan a ajiye, wanda ya lalace a fitar da shi. Likita ya ce mana wataƙila a sallame shi mako mai zuwa. Na ce bari in gyara masa wurin ya dawo ya gani.

Ran Juma'a da safe na fara. Na tumɓuke dogayen nan duka, na cusa a buhu, na kai kwandon shara na bakin titi. Na jera gwangwanayen a layi biyu, manya a baya, ƙanana a gaba. 'Yan ƙananan shuka na ƙarshe da suka cunkushe a gwangwani ɗaya na raba su, na dasa huɗu-huɗu, na ce ai zan yi a hankali. Na share, na wanke. Na tsaya na duba, raina ya yi fari. Ina faɗin wannan ne don a san ba da mugunta na yi ba, ba don in wanke kaina ba. An ce mini kada in taɓa, na taɓa.

Bayan sallar Juma'a na tafi asibiti. Na same shi a jingine, an sa masa roba a hanci. Na ba shi hannu, ya riƙe bai saki ba. Ya ɗan ja hannun nawa wajen fuskarsa. Na wanke shi da sabulu, amma wanda ya yi rabin yini yana tumɓukar sarfoyi, sabulu ba ya rufa masa asiri.

Ya ce, “Ka taɓa su.”

Na ce, “Ruwa na ba su, Kawu.”

“To.” Can ya ce, “Na bayan tanki, sun fara baƙi?”

“Baƙi?”

“'Ya'yan. In sun yi baƙi sun nuna. Ka yanko kan da almakashi, ka sa a takarda, ka rataye a inuwa. Kada ka bari iska ta riga ka. Na kwalba kada ka dogara da shi, na bara ne. Wanga iri ba ya ganin sanyi biyu.”

A nan na gane abin da na kai kwandon shara. Yana duban fuskata yana jira.

Na ce, “Sun kusa.”

Ita ce ƙarya ta farko.

Daga asibiti ban tsaya ko'ina ba sai bakin titinmu. Motar shara ta riga ta wuce. Waɗanda na dasa kuwa, kafin kwana uku duk sun kwanta, kamar yadda ya sha faɗa.

Sau huɗu na sake zuwa wurinsa. Kowace rana ina tafe ina shirya maganar a mota, ɗaya bayan ɗaya, yadda zan fara da yadda zan ƙare. In na shiga na ga yadda numfashi ke yi masa wuya sai in ce gobe. Shi kuma bai ƙara tambayata ba, ko sau ɗaya. Mutumin da ko Makka ya je umra yana dawowa bene yake fara hawa kafin ya cire takalmi. Wannan shirun nasa shi ke hana ni sakewa har yau, don ina ganin ya sani tun ranar da ya shinshina hannuna.

Ran Litinin da yamma ya sa na kunna rikoda ya yi wa iyalinsa na Maradi magana a kaset, kamar yadda ya saba duk wata. Ya yi gajeren bayani, ya gaji. Da na kashe sai ya ce, “Malam Tsari.”

“Na'am, Kawu.”

“Ka yafe mani. Na cika maka gida da ƙasa.”

Na ce, “Ba ka yi mini komai ba. Ni ne zan ce ka yafe mini.”

“Na yafe maka duniya da lahira.”

Ga ƙofar faɗin gaskiya a buɗe. Kalma goma ta isa. Na buɗe baki, sai na ce, “Allah ya ba ka lafiya.” Washegari da hantsi aka bugo waya sito.

Na tambayi wani malami ko gafarar da aka yi wa mutum a dunƙule ta haɗa da laifin da bai faɗa ba. Ya ce in sha Allahu ta haɗa, tunda mai haƙƙin bai ware komai ba. Na karɓi fatawar. Amma ni mutum ne da ba ya sa hannu a takardar kaya sai ya buɗe akwati ya gani, kuma na bar Kawu ya sa hannu a kan akwati a rufe.

Da zafi ya wuce na bi mutanensa ɗaya-ɗaya, ba tare da na faɗi dalili ba, ina tambaya ko wani ya ajiye iri. Na je wajen direban, na aika wa nas ta hannun mijinta, na leƙa lambun Badi'a. Babu. Kowa ya ci ganye ya tumɓuke kara, don sun san kowace shekara tsoho zai ba su sabo. Duk garin nan gwangwani biyar ne kawai ake barin sarfoyi ta tsufa a cikinsu.

Saura kwalba. Ranar da na fito asuba na ji ina son bargo, na yafa kashi ɗaya cikin uku, na danna da tafin hannu. Mako uku ina ba ƙasa ruwa, ba abin da ya fito. Na yafa kashi na biyu. Shiru. Direban ya zo sau biyu yana tambaya, na ce tukuna. Na uku na juye kwalbar gaba ɗaya a gwangwani guda, na kai shi bayan tanki inda na ɗauko shi, na ɗora a kan bulonsa a karkace. A kwana na goma sha tara na ga kore. Na tsuguna na ƙirga. Huɗu. Daga iri mai cika tafin hannu, huɗu.

Ban tsinki ganye ko ɗaya ba duk sanyin nan. Ɗaya ta mutu da kanta. Uku suna nan. Yanzu sun yi kara sun kai mini ƙugu, sun yi rawaya, furen ya zube, ba su da kyan gani ko kaɗan. Shekaranjiya wani sabon abokin zamanmu ya hau shanya, ya ce, “Yallaɓai, wannan busasshen ciyayin in fitar maka da shi?” Yadda na daka masa tsawa sai da na ba shi haƙuri daga baya.

Wannan takarda zan ba duk wanda ya zo gaisuwa ya karanta, kuma zan karanta ta a kaset in aika Maradi, mahaifiyata da matar Kawu su ji. Direba, ka tambaye ni a gaban jama'a na ce sai sanyi. Ga amsarka ta gaskiya: ni na zubar da irin. In Allah ya sa waɗannan ukun suka nuna, zan raba, ko ƙwaya goma-goma ce. Sharaɗina ɗaya, kowa ya bar biyu su tsufa a gwangwaninsa, komai muninsu.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa wurin kwanciyarsa, ya sanya shi a inuwar da zafi ba ya kaiwa, ya ba iyalinsa haƙuri. Wanda ya karanta ya yi masa addu'a, in ya ga dama ya haɗa da ni.

Yau da safe na hau na duba. 'Ya'yan suna nan kore, ba su fara baƙi ba. Na ajiye almakashi da takarda a kan tanki. Na ba su ruwa, ban taɓa komai ba.